Ƙwayar Cutar Tumbi da Ciwon Asma a Jikin Yara

A cikin tumbin ɗan Adam akwai wani ruwa mai tsananin tsami da ake kira asid. Shi ne yake taimakawa wajen narka abinci, kuma yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muke haɗiya tare da abinci ko ruwan sha. Saboda ƙarfin wannan ruwa, likitoci sun daɗe suna ɗauka cewa babu wata halitta da za ta iya zama a cikin tumbi. Daga baya aka gano wata ƙwayar bakteriya da ta mai da tumbi gidanta. Sunanta Helikobakta failori.

Wannan ƙwaya ita ce babbar mai jawo gyambon ciki, wanda mutane suke kira olsa. Amma a shekarun baya-bayan nan masana sun lura da wani abin mamaki game da ita. A wurare da dama, yaran da suke ɗauke da ita ba su cika kamuwa da ciwon asma ba kamar yaran da ba su da ita. Tumbi yana cikin ciki, huhu kuwa yana cikin ƙirji. To, ta yaya abin da yake zaune a tumbi zai shafi numfashi? Wannan ita ce tambayar da za mu duba a wannan darasi.

Baƙuwar da ta zama 'yar gida

Helikobakta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Jikinta a murɗe yake, kuma tana da waɗansu siraran gasu a gefe ɗaya waɗanda take kaɗawa ta yi iyo. Da su take kutsawa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, ta ɓuya a can. Tana kuma fitar da wani sinadari da yake rage kaifin asid a kewayenta. Ta haka take tsira a inda sauran ƙwayoyi suke mutuwa.

Yawancin mutane suna ɗaukar ta tun suna yara ƙanana, galibi daga wajen uwa ko 'yan'uwa. Tana bi ta yawu, da amai, da abinci ko ruwan da bayan gida ya gurɓata. Cunkoso a ɗaki ɗaya da rashin ruwa mai tsabta suna sauƙaƙa mata yaɗuwa. Idan ta shiga, kuma ba a sha magani ba, takan zauna tare da mutum har tsufansa.

Zaman nan nata da mu ya daɗe. Masana sun gano cewa mutanen da suka fita daga Afirka kimanin shekaru 60,000 da suka wuce sun tafi da ita a cikin tumbinsu. A shekarar 1991 an tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai. Mutumin ya mutu kimanin shekaru 5,300 da suka shige, amma sanyi ya hana gawarsa ruɓewa. Da aka bincika abin da yake cikin tumbinsa, sai aka sami alamar Helikobakta.

Har yanzu tana da yawa a duniya. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya haɗa rahotanni daga ƙasashe 62, ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 4.4 ne suke ɗauke da ita a 2015, wato fiye da rabin mutanen duniya. A Afirka adadin ya kai kimanin kashi 70 cikin 100, a Nijeriya kuwa ya haura kashi 80. Mafi yawan waɗannan mutane ba sa jin wani ciwo, ba su ma san tana nan ba.

Yadda aka gano ta

Likitoci biyu ne 'yan ƙasar Ostareliya suka tona asirinta, wato Robin Warren da Barry Marshall, a wani asibiti da yake birnin Perth. Warren ya fara ganinta a 1979 a jikin tsokar tumbin marasa lafiya. A 1982 suka yi nasarar rainon ta a ɗakin gwaji. A wancan zamani an yi imani cewa damuwa da abinci mai yaji da yawan asid ne suke kawo gyambon ciki, don haka likitoci da yawa suka ƙi yarda da su.

A 1984 Marshall ya yi wani abu mai haɗari. Ya zuba ƙwayoyin a ruwa ya shanye. Bayan 'yan kwanaki ya fara amai, kuma da aka leƙa tumbinsa da na'ura sai aka ga ya kumbura. Sannu a hankali duniya ta yarda. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Helikobakta cikin jerin abubuwan da suke jawo ciwon daji. A 2005 aka ba Warren da Marshall kyautar Nobel ta fannin likitanci. Tun daga nan aka ɗauki wannan ƙwaya a matsayin abokiyar gaba wadda ya kamata a kawar.

Mene ne ciwon asma?

Asma, wadda Hausawa suke kira fuka, ciwo ne na hanyoyin iska da suke cikin huhu. Hanyoyin nan kamar rassan bishiya suke, suna rarrabuwa suna ƙara sirancewa. Idan ciwon ya tashi, abubuwa uku suke faruwa. Bangon hanyoyin yakan kumbura, naman da ya kewaye su yakan tsuke, sannan majina mai kauri takan taru a ciki. Sai iska ta rasa isasshiyar hanya. Yaro ya riƙa tari, musamman da dare ko da asuba, ƙirjinsa ya ɗaure, numfashinsa ya riƙa fita da ƙara kamar fito.

Abubuwan da suke tayar da ciwon sun haɗa da ƙurar ɗaki, da hazo, da hayaƙin itace ko na taba, da kyankyasai, da gashin dabbobi, da mura, da iska mai sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 262 ne suke fama da asma, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000. Ita ce ta fi yawa a cikin cututtukan yara masu daɗewa a jiki.

Domin mu fahimci tushen ciwon, sai mun san garkuwar jiki. Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun da suke kare jiki daga cuta. Aikinsu shi ne su gane maƙiyi su far masa. A jikin yaro mai asma, dakarun nan suna da saurin fushi. Sukan ga ƙurar da ba ta da wata illa su ɗauke ta maƙiyi, su ta da yaƙi a cikin huhu. Kumburi da majina sakamakon wannan yaƙi ne.

Abin da ya ja hankalin masana

A cikin ƙarni na 20 rayuwa ta sauya a ƙasashe masu arziki. An sami ruwan famfo mai tsabta, iyalai sun rage yawan haihuwa, gidaje sun yalwata, magungunan kashe bakteriya sun wadata. Sai Helikobakta ta yi ta raguwa daga tsara zuwa tsara. A daidai wannan lokaci kuma ciwon asma ya yi ta ƙaruwa a tsakanin yara. Abu ɗaya yana sauka, ɗaya yana hawa.

A 1989 wani masani ɗan Birtaniya mai suna David Strachan ya duba bayanan yara fiye da 17,000 waɗanda aka haifa cikin mako guda a 1958. Ya ga cewa yaron da yake da yayye da yawa bai cika fama da irin murar nan da ƙurar furanni take tayarwa ba. Ya yi hasashen cewa ƙwayoyin cutar da ƙanne suke ɗauka daga yayyensu suna horar da garkuwar jikinsu tun da wuri.

Wani likita a Jami'ar New York ta Amurka, Martin Blaser, ya ga cewa Helikobakta tana iya zama ɗaya daga cikin masu yin wannan horo. Shi da abokiyar aikinsa Yu Chen suka duba bayanan lafiyar mutum fiye da 7,400 da gwamnatin Amurka ta tattara a 1999 da 2000. Sun buga sakamakon a 2008. A cikin yara masu ƙasa da shekara 10, waɗanda suke da ƙwayar ba su kai 6 cikin 100 ba. A cikin yara 'yan shekara 3 zuwa 13 kuwa, yiwuwar samun asma ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100 ga masu ɗauke da ita, idan aka kwatanta su da marasa ita.

Gwaji a kan ɓeraye

Ƙidaya irin wannan tana nuna cewa abubuwa biyu suna tafiya tare, amma ba ta nuna dalili. Ba zai yiwu kuma a sa wa jarirai ƙwayar cuta da gangan domin a ga abin da zai faru ba. Don haka aka koma ga ɓeraye.

A Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan, wata masaniya mai suna Anne Müller da abokan aikinta suka raba ɓeraye rukuni-rukuni. Rukuni na farko an ba su Helikobakta suna 'yan kwanaki da haihuwa. Rukuni na biyu an ba su bayan sun girma. Na uku ba a ba su komai ba. Daga nan aka shaƙa wa dukansu abubuwan da suke tayar da asma. An buga sakamakon a 2011.

Ɓerayen da ba su da ƙwayar sun kamu sosai, huhunsu ya kumbura ya cika da majina. Waɗanda suka sami ƙwayar tun suna jarirai su ne suka fi tsira. Waɗanda suka same ta da girma ba su sami kariya mai ƙarfi kamar ta jariran ba. Da aka ba ɓeraye magani aka kashe ƙwayar, sai kariyar ta gushe.

Masanan sun gano dalili. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da aikinsu ba faɗa ba ne. Su ne masu tsawatar wa sauran dakaru, su hana su wuce gona da iri. Ana kiransu ƙwayoyin T masu daidaitawa. Helikobakta tana son ta zauna a tumbi shekara da shekaru ba tare da an kore ta ba, don haka take sa jiki ya yawaita waɗannan masu tsawatarwa. Su kuma ba a tumbi kaɗai suke tsayawa ba. Sukan bi jini su isa huhu, su kwantar da hankalin dakarun da suke can. Domin a tabbatar da haka, masanan sun ɗebi waɗannan ƙwayoyin jini daga ɓerayen da suke da Helikobakta suka sa wa waɗanda ba su da ita. Sai ga shi su ma sun sami kariya.

Wannan gwaji ya nuna muhimmancin lokaci. Hausawa suna cewa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Garkuwar jikin jariri ma haka take. Abin da ta koya a farkon rayuwa shi ya fi zama.

Wani hanzari ba gudu ba

Duk da haka, maganar ba ta ƙare a nan ba, saboda dalilai uku.

Na farko, binciken da aka yi a kan yara bai ba da amsa iri ɗaya ba. A garin Butajira na ƙasar Habasha an bi rayuwar jarirai kimanin 1,000 tun daga haihuwa. An ga cewa masu Helikobakta ba su cika samun ƙaiƙayi da ƙurajen fata irin na rashin jituwa ba, amma bambancin bai fito fili haka ba game da numfashi. A birnin Rotterdam na ƙasar Holan kuwa, wani bincike da aka buga a 2016 a kan yara kusan 3,800 'yan shekara 6 ya nuna akasin na Amurka. A cikin yara 'yan asalin Turai, masu ƙwayar sun fi marasa ita samun asma. Ita kanta Helikobakta iri-iri ce, kuma jikin mutane ya bambanta.

Na biyu, abubuwa biyu suna iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Da damina ana yawan ganin laima, ana kuma yawan zazzaɓin cizon sauro. Laima ba ta kawo zazzaɓi. Ruwan sama ne ya kawo su duka biyu. Haka nan, yaron da yake da Helikobakta sau da yawa ya tashi ne a gida mai yawan jama'a, ko kusa da dabbobi, inda yake haɗuwa da ƙwayoyi iri-iri. Yana yiwuwa dukansu ne suke yin horon tare, Helikobakta kuwa ɗaya ce kawai a cikinsu.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, ƙwayar tana da illa ta gaske. Kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 masu ɗauke da ita suna samun gyambon ciki, kuma 1 zuwa 3 cikin 100 suna samun ciwon dajin tumbi, galibi bayan sun manyanta. A jikin waɗansu yara tana jawo ƙarancin jini. Kowane allazi da nasa amanu. Shi ya sa masana a yau suke ƙoƙarin ware sinadaran jikinta masu kwantar da garkuwa, domin a sami amfanin ba tare da cutar ba.

Abin da ya shafe mu

A Nijeriya yawancin mutane suna ɗauke da Helikobakta, amma duk da haka akwai yara masu asma a birane da ƙauyuka. Wannan ya isa ya nuna cewa ƙwayar ba ta hana ciwon gaba ɗaya. Gado daga iyaye, da hayaƙi, da ƙura, duk suna da nasu rabon.

Saboda haka, kada wani ya ce ƙazanta magani ce. Ruwa mai datti yana kawo kwalara da taifot da gudawa, waɗanda suke kashe yara cikin gaggawa. Wanke hannu da shan ruwa mai tsabta wajibi ne.

Haka kuma, kada a riƙa sayen magungunan kashe bakteriya a kemis ana ba yara ba tare da izinin likita ba. Magungunan nan ba sa tantance ƙwaya mai cutarwa da mai amfani, kuma ba sa warkar da mura. Yawan shan su yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Wanda yake fama da zafin ciki mai daɗewa, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ya je asibiti. Ana gano Helikobakta ta hanyar gwajin numfashi, ko gwajin bayan gida, ko leƙa tumbi da na'ura. Maganinta haɗi ne na magungunan kashe bakteriya da maganin rage asid, na tsawon kwana 10 zuwa 14. Yaro mai asma kuwa ya riƙa tafiya da maganinsa na shaƙa, ya kuma guji abin da yake tayar masa da ciwon. Asma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin gudun ɗalibin da yake da ita.

Kammalawa

Labarin Helikobakta ya koya mana cewa sassan jiki a haɗe suke, kuma garkuwar jiki tana koyon aikinta ne tun daga ƙuruciya, daga ƙananan halittun da take haɗuwa da su. Ƙwayar da take iya rage asma a jikin yaro ita ce kuma take iya kawo masa gyambo ko daji idan ya girma. Likita ne yake auna wanda ya fi nauyi ga kowane marar lafiya.

Sababbin kalmomi

Tumbi: jakar da abinci yake sauka a cikinta bayan an haɗiye shi.
Huhu: sashen jiki da yake cikin ƙirji, wanda muke numfashi da shi.
Gyambo: rauni mai daɗewa bai warke ba.
Yauƙi: abu mai santsi da jan zare, kamar na miyar kuɓewa.
Garkuwa: abin da mayaƙi yake kare jikinsa da shi.
Dakaru: mayaƙa, sojoji.
Hazo: ƙurar da take rufe sararin sama lokacin hunturu.
Tsawatarwa: hana wani yin abu da kakkausar murya.
Ƙiyasta: faɗin adadin abu bisa lissafi, ba tare da an ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba.
Tsara: mutanen da aka haifa a zamani ɗaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa likitoci suka daɗe suna ɗauka cewa babu halittar da za ta zauna a tumbi?
2. Kawo hanyoyi biyu da Helikobakta take kare kanta daga asid.
3. Me Barry Marshall ya yi a 1984, kuma me ya same shi?
4. Waɗanne abubuwa uku ne suke faruwa a huhu idan asma ta tashi?
5. Wane rukunin ɓeraye ne ya fi samun kariya a gwajin Zurich?
6. Mene ne aikin ƙwayoyin T masu daidaitawa?
7. Yi bayanin misalin laima da zazzaɓi da kalmominka.
8. Me ya sa bai kamata a ba yaro maganin kashe bakteriya ba tare da izinin likita ba?

Aiki

(a) Yi amfani da kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a cikin jimla: numfashi, kumbura, kariya, gurɓata, horo.
(b) Kawo jam'in waɗannan kalmomi: ɓera, likita, jariri, cuta, masani.
(c) Bayyana ma'anar waɗannan maganganu kamar yadda aka yi amfani da su a darasin: wuce gona da iri, wani hanzari ba gudu ba, kowane allazi da nasa amanu.
(d) Rubuta jimloli goma a kan yadda za ku taimaki ɗan ajinku idan ciwon asma ya taso masa a makaranta.